Shanyewar jiki a ƙuruciya: nazarin lamarin ƙwayar gado ta ADA2

Wajen shekara goma kafin 2014 aka kai wata yarinya 'yar shekara 3 asibitin bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, waɗanda aka fi sani da NIH, a garin Bethesda na jihar Maryland. Zazzaɓi ne yake zuwar mata ya tafi ya dawo. Fatarta ta yi wani irin zane shuɗi-shuɗi mai kama da ragar kamun kifi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shanyewar ɓarin jiki da ta riƙa samunta a kai a kai har ta nakasa ta ƙwarai, ciwon da kowa ya san shi a jikin dattawa masu hawan jini.

Likitocin da suka karɓe ta ba baƙi ba ne a harkar zazzaɓi mai wuyar ganewa. Shugabansu, Dakta Daniel Kastner, yana cikin waɗanda suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa zazzaɓin gado na yankin Bahar Rum a 1997, kuma daga ɗakin bincikensa ne aka fitar da sunan wani rukunin cututtuka a 1999, waɗanda garkuwar jiki ke tayar da kumburi a cikinsu ba tare da wata ƙwayar cuta ta shigo ba. Duk da wannan gogewa, ba su kawo gado a ransu ba a kan yarinyar. Iyayenta lafiyarsu ƙalau, kuma babu wani a dangi da ya taɓa yin irin ciwon. Sai suka ɗora ta a kan magungunan danne garkuwar jiki, aka ci gaba da lallaɓawa.

Shekaru suka shuɗe. Kamar shekara biyu kafin 2014 sai ga wata yarinyar daban, ba dangin iya ba na baba da ta farko, da zazzaɓi iri ɗaya, da zanen fata iri ɗaya, ta kuma shanye sau shida kafin ta cika shekara shida. A nan likitocin suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Yadda aka gano bakin zaren

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin, kuma kusan kowace ƙwaya kwafi biyu gare ta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai karatu da ya san yadda ake gadon sikila ya riga ya san rabin labarin nan. Uba AS ne, uwa AS ce, dukansu suna harkokinsu lafiya, amma kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Rashin ganin ciwo a jikin iyaye ba ya kore gado. Wannan tunanin ne likitocin NIH suka dawo kansa bayan yarinya ta biyu ta zo.

A lokacin an riga an samu na'urorin da ke karanta dukkan sassan ƙwayoyin gado masu ƙera furotin a zama ɗaya, cikin kuɗin da ɗakin bincike zai iya biya. Aka ɗebi jinin yaran da na iyayensu, aka karanta. Abin da ake nema a bayyane yake: ƙwayar gado guda da kwafinta biyu suka lalace a jikin kowace yarinya, alhali kowane mahaifi kwafi ɗaya ne kawai ya lalace masa. Dakta Qing Zhou, wadda ta tace bayanan, ta tarar da cewa ƙwaya ɗaya ce ta cika wannan sharaɗi. Sunanta a lokacin CECR1, tana zaune a kan kuromozom na 22, ɗaya daga cikin zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, kuma aikinta ƙera wani sinadari da ake kira ADA2. Daga baya aka sauya wa ƙwayar suna ta koma ADA2 ita ma. An samu majiyyaci na uku da ya tabbatar da zancen, sannan aka duba wasu shida masu alamu makusanta. Su tara ɗin duka kwafinsu biyu a lalace suke. Da aka auna sinadarin a ruwan jininsu, a ɗakin binciken Dakta Michael Hershfield na Jami'ar Duke, sai aka ga ya yi ƙasa ƙwarai, wasu ma kusan babu shi.

Gano lalatacciyar ƙwaya a jikin majiyyaci bai isa hujjar cewa ita ce ta kawo ciwon ba. Bisa al'ada ɓeraye ake gwadawa, a kashe musu ƙwayar a ga abin da zai faru. Sai dai ɓera ba shi da ƙwayar ADA2 sam. Dole aka koma kan wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsi-ratsi kamar na jakin dawa, wanda masu bincike ke kiwo saboda 'ya'yansa garai-garai suke, ana hango jijiyoyin jininsu ta cikin fata. Da aka toshe aikin ƙwayar a jikinsu, sai jini ya riƙa zuba a cikin kawunansu, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini kuma ya ragu. Da aka sa musu lafiyayyar ƙwayar ɗan Adam abin ya gyaru. Da aka sa musu irin ta majiyyatan bai gyaru ba.

Ciwo ɗaya, ƙofa biyu

A daidai wannan lokacin, a asibitin Shaare Zedek na Birnin Ƙudus, Dakta Paulina Navon Elkan da Farfesa Ephrat Levy-Lahad suna bin sawun wani abu da ya ɗaure musu kai. Akwai wani ciwon kumburin jijiyoyin jini mai suna poliyataraitis nodosa, wanda likitocin Jamus biyu, Kussmaul da Maier, suka bayyana tun 1866. An san shi da kama manya masu matsakaicin shekaru, wani lokaci a sanadin ciwon hanta nau'in B, kuma ba a lissafa shi cikin cututtukan gado. Amma ga shi yana kama yara, fiye da ɗaya a gida guda, a cikin Yahudawan da asalinsu ƙasar Jojiya ce ta yankin Kokasus, al'ummar da ta daɗe tana aure a tsakaninta. Da suka karanta ƙwayoyin gadon waɗannan iyalai sai suka faɗa kan CECR1 ɗin nan. Furotin ɗin ADA2 jeren tubala 511 ne, kuma a jikin waɗannan majiyyata tubali na 47 ne aka musanya, mai suna gilaisin ya koma wani mai suna ajinin. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na wannan al'umma yana ɗauke da kwafi ɗaya na wannan sauyi bai sani ba. An samu irinsa a wasu majiyyata 'yan Turkiyya, an kuma samu wasu sauye-sauyen daban a wani gida na Jamusawa.

Rahotannin biyu suka fito tare a mujallar New England Journal of Medicine, a intanet cikin watan Fabrairu na 2014, a takarda kuma cikin watan Maris. Tawaga ɗaya ta shigo ta ƙofar shanyewar jiki, ɗayar ta ƙofar kumburin jijiyoyi, suka haɗu a ɗaki ɗaya. Ciwon ya samu sunan da ake kiransa da shi yau, DADA2, wato ƙarancin sinadarin ADA2.

Me ke faruwa a cikin jijiya

Idan Bahaushe ya ji kalmar kumburi, abin da ke zuwa masa shi ne ƙafa ta tashi ko maruru ya nuna. Kumburin da likitoci ke nufi a nan ya fi wannan faɗi. Shi ne yaƙin da garkuwar jiki ke tayarwa idan ta ji alamar rauni ko cuta: jini ya taru, wuri ya yi zafi, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi. Yana iya faruwa a bangon jijiyar da ba ta kai kaurin zare ba, can cikin ƙwaƙwalwa, babu abin da ido zai gani daga waje.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira makrofej. Su ne masu haɗiye ƙwayoyin cuta da tarkace, kuma su da iyayensu da ke yawo a jini ne ke fitar da mafi yawan ADA2. Makrofej na iya ɗaukar hali biyu. Akwai halin faɗa, inda take zubo sinadaran da ke rura kumburi, babbansu shi ne TNF. Akwai kuma halin gyara, inda take kwantar da tarzoma ta taimaka wa nama ya warke. Abin da tawagar NIH ta gani shi ne, idan babu ADA2, masu halin gyara ba sa samuwa yadda ya kamata, sai masu faɗa su rinjaya. Sun ɗauki fararen ƙwayoyin majiyyata suka zuba a kan shimfiɗar ƙwayoyin da ke lulluɓe cikin jijiyar jini a kwanon gwaji, sai shimfiɗar ta yayyage. Wannan shimfiɗa ita ce shafen siminti na jijiya. Muddin tana da santsi jini na wucewa salin-alin. Idan ta farfashe, bango ya yi kauri hanya ta ƙuntata har ta toshe, ko kuma bangon ya yi rauni ya fashe. Shi ya sa masu DADA2 ke fuskantar shanyewar jiki iri biyu, ta toshewa da ta zubar jini, ko da yake ta toshewa ta fi yawa.

A 2019 wani bincike ya ƙara haske. Sinadarin adenosin, wanda ADA2 ke narkarwa, yana sa wani nau'in fararen ƙwayoyi su watso zaren cikinsu kamar taru, wannan tarun kuma ya zuga makrofej ta ƙara zubo TNF. Har yanzu masana na muhawara kan ko narkar da adenosin ne babban aikin ADA2, domin ɗan'uwansa ADA1 ya fi shi iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Rashin ADA1 ɗin ma wani ciwo ne daban da aka sani tun 1972, inda ake haihuwar jariri kusan ba garkuwar jiki. A gefe guda, likitocin da ke auna ADA a ruwan da ya taru a ƙirji don gano tarin fuka, mafi yawan abin da suke aunawa ADA2 ɗin nan ne.

Jijiyoyin da ciwon ya fi kamawa a kai su ne ƙananan da ke ratsawa can cikin ƙwaƙwalwa da kututturenta. Tabon da suke bari ƙarami ne, galibi bai kai milimita 15 ba. Amma wurin ne mahaɗar wayoyin da ke sarrafa motsin ido da haɗiya da magana da gaɓoɓi, don haka ɗan tabo kamar ƙwayar wake na iya karkatar da ido ko ya kashe hannu. Hoton manyan jijiyoyin kai sau da yawa yakan fito lafiya lau, har likita ya ɗauka babu komai. Hoton MRI ne ke nuna tabon.

Ba ciwon yara kaɗai ba ne

Da farko an ɗauka lamarin ya tsaya kan ƙananan yara. Ba a rufa shekara ba wannan zato ya rushe. Cikin 2014 ɗin dai wasu masu bincike, Bras da Guerreiro da Santo, suka ba da rahoton wani gida a Fotugal inda 'yan'uwa ke da zanen fatar nan, suka kuma fara shanyewa a farkon girmansu. An daɗe ana kiran ciwonsu da ciwon Sneddon, sunan likitan fata ɗan Ingila da ya bayyana haɗuwar zanen fata da shanyewar jiki a 1965. Da aka duba, kwafinsu biyu na ADA2 a lalace suke.

Wani bita da aka yi a 2018 na majiyyatan da aka sani zuwa lokacin ya nuna kusan kashi 77 cikin 100 sun fara ciwo kafin shekara 10. Ragowar, wato kusan ɗaya cikin huɗu, sai daga baya. Rahoton da ya fi jan hankalina shi ne na Indiya da ya fito a 2021 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Aman Sharma na birnin Chandigarh. Cikin majiyyata 33 da aka tabbatar, kusan rabi sai da suka girma ciwon ya bayyana. Dalilin da ya sa Indiya ta ga manya da yawa, a fahimtata, shi ne likitocin manya ne suka tashi nema. Wanda ya nemi ciwo a ɗakin yara, yara zai samu.

Akwai wani abu kuma da ke hana a yi wa gado kallon hukuncin da ba ya sauyawa. A Holan da Beljiyam an bi majiyyata tara da ke ɗauke da sauyi iri ɗaya sak, a tubali na 169, a kwafinsu biyu. Duk da haka shekarun da ciwon ya fara musu sun bambanta ƙwarai, tsananinsa ma haka, har a tsakanin waɗanda suke ciki ɗaya. Wani ya shanye, wani fatarsa ce kawai ta nuna. A wasu majiyyatan ma ciwon bai taɓa jijiya sosai ba, ɓargo ya kama: jini ya ƙi samuwa, fararen ƙwayoyi su yi ƙasa, ko sinadaran kariya su yi ƙaranci mutum ya riƙa kamuwa da cututtuka. Hanta da saifa kan kumbura. Jijiyoyin ƙoda da na hanji kan yi ƙululu, hawan jini kan biyo baya. Wannan yawan fuskoki ne ke sa majiyyaci ya yi shekaru yana zagaye tsakanin likitan fata da na jini da na ƙwaƙwalwa, kowa na riƙe da yanki ɗaya na labarin. An ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na rasuwa kafin shekara 30.

A 2022 wata tawaga a Boston ta gwada ɗaruruwan sauye-sauyen ƙwayar da ke cikin rumbunan bayanan gadon jama'a, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum ɗaya cikin 236 na ɗauke da lalataccen kwafi ɗaya. Wannan na nufin kusan mutum ɗaya cikin 222,000 zai gaji biyu, wato sama da mutum 30,000 a duniya. Waɗanda aka gano aka rubuta ɗaruruwa ne kawai. Sauran suna nan da wasu sunaye a kan katinsu na asibiti, ko ba su je asibitin ba.

Magani

A nan ne lamarin ya fi ba ni sha'awa, domin sanin ƙwayar gado sau da yawa yakan ƙare a suna kawai, majiyyaci ya koma gida da sunan ciwonsa ba tare da magani ba. Wannan karon ba haka aka yi ba.

Kafin a gane ciwon, an gwada kusan duk abin da ake bai wa masu kumburin jijiyoyi. Firedinisolon, maganin danne kumburi, kan kwantar da zazzaɓi, amma da an rage shi ciwo ya dawo, wasu ma sun shanye suna kan shansa. Magunguna masu ƙarfi irin su saikulofosfamaid da azatayofirin da metotireksat ba su ba da kariyar da za a dogara da ita ba. Da aka san sinadari ne ya yi ƙaranci, tunani na farko shi ne a mayar da shi ta hanyar ƙarin ruwan jinin masu lafiya. An gwada. Cikin awanni kaɗan sinadarin ke ɓacewa daga jini, don haka hanyar ba ta ɓulle ba.

Abin da ya yi aiki shi ne alluran da ke toshe TNF, irin su etanasef da adalimumab da infiliksimab, waɗanda aka riga aka daɗe ana amfani da su wajen ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi. Likitocin Isra'ila sun lura da amfaninsu tun a rahotonsu na farko. A 2019 Dakta Amanda Ombrello da abokan aikinta na NIH suka fitar da lissafin majiyyata 15 da suka taɓa shanyewa. Kafin a fara musu allurar, a cikin jimillar watanni 2,077 na rayuwarsu da ciwon, sun shanye sau 55. Bayan an fara, an bi su jimillar watanni 733, ba a samu ko ɗaya ba. Da abin ya ci gaba da tafiya yadda yake a da, lissafi ya nuna da an ga kusan 19 a wannan tsakanin. Gaskiya ne mutum 15 ba yawa ba ne, kuma ba gwaji ne da aka raba majiyyata gida biyu da ƙuri'a ba. Amma tazarar da ke tsakanin 55 da babu ta yi girman da babu likitan da zai yarda ya hana wani majiyyaci allurar don a kwatanta. Rahotannin da suka biyo baya daga Turai da Turkiyya da Indiya sun tafi a kan wannan layi.

Allurar tana da nata nauyin. Ba a dainawa, domin waɗanda suka tsayar da ita, ciwon ya dawo musu. Tana da tsada, tana buƙatar firiji, kuma tana iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, don haka dole a yi gwajinsu kafin a fara. A Italiya an samu nasara da talidomaid, wanda ya fi araha, sai dai maganin nan ne da ya yi ƙaurin suna wajen nakasa jarirai a ciki, kuma yana lalata jijiyoyin ji na hannu da ƙafa. Masu matsalar ɓargo kuwa allurar TNF ba ta cika yi musu aiki ba. Su dashen ɓargo ne mafita, kuma yana warkar da ciwon daga tushe tunda sabon ɓargon ne zai riƙa ƙera ƙwayoyin da ke fitar da ADA2. Wani rahoto na 2021 kan majiyyata 30 da aka yi wa dashen ya nuna kusan kashi 97 cikin 100 suna raye bayan shekara biyu.

Ga wani batu da ya kamata duk ma'aikacin lafiya ya riƙe. Wanda ya shanye ta hanyar toshewar jijiya, abin da aka saba shi ne a ɗora shi a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini. A DADA2 bangon jijiyar ne ke da rauni, don haka ƙwararrun da suka fi ganin ciwon suna gargaɗi a kan waɗannan magunguna saboda haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Maganin da ke ceton dubban mutane yana iya cutar da wannan majiyyacin, kuma babu yadda za a bambance sai an san sunan ciwonsa.

Ina wannan ya tsaya a cikin babban hoton

Kada a ɗauki labarin nan a ce duk matashin da ya shanye gado ne. Akwai bambanci babba tsakanin ƙwaya ɗaya da ta lalace gaba ɗaya, irin ADA2, da ƙananan sauye-sauyen da miliyoyin mutane ke ɗauke da su a ƙwayoyin da ke sarrafa kumburi. Na biyun an shafe sama da shekara ashirin ana bincike a kansu, musamman ƙwayoyin da ke ƙera TNF, da IL-6 wanda shi ma sinadari ne mai rura kumburi, da CRP wanda ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi, kuma sakamakon ya sha cin karo da juna: wannan bincike ya ga alaƙa, wancan bai gani ba, galibi saboda mutanen da aka gwada ba su da yawa. Wani babban bincike a Kofanhegan a 2008 ya nuna cewa waɗanda suka gaji yawan CRP a jini ba su fi kowa haɗarin toshewar jijiya ba, wato CRP hayaƙi ne, wutar tana wani wurin. A 2022 aka haɗa bincike 48 da suka ƙunshi mutum 16,730 da suka shanye kafin shekara 60. Alama mafi ƙarfi da ta fito ita ce ta rukunin jini: masu rukunin A haɗarinsu ya ɗara na saura da kashi 16 cikin 100, masu O kuma ya gaza da kashi 12. Irin wannan ƙari ba ya sauya wa mutum ɗaya magani. Amfaninsa shi ne nuna wa masana inda za su haƙa.

A yankinmu akwai binciken SIREN, wanda ya haɗa asibitoci a Ghana da Najeriya, har da na Kano da Zariya. Rahotonsa na 2018 ya nuna cewa cikin mutum 2,118 da suka shanye, 515 ba su kai shekara 50 ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu, kuma hawan jini ne ya fi komai nauyi a cikin dalilan. A 2017 wannan tawaga ta ba da rahoton alaƙa tsakanin wani sauyi a ƙwayar IL-6 da shanyewar toshewa a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. Saboda haka matashin da aka kawo ɓarin jikinsa ya mutu a Kano ko Kumasi, abin da za a fara dubawa shi ne hawan jini, da sikila, da sukari, da zuciya, da cututtuka irin su ƙanjamau. DADA2 yana can ƙasan jerin.

Amma yana cikin jerin, kuma akwai alamun da ke ɗago shi sama. Shanyewa fiye da sau ɗaya ga yaro ko matashin da ba shi da hawan jini na asali ko sikila. Zazzaɓi mai dawowa da aka yi ta yi wa maganin maleriya da taifot bai daina ba, gwajin kumburi na jini kuma kullum a sama. Zanen raga a ƙafafu ko hannuwa, wanda a baƙar fata yake da wuyar gani sai an duba da kyau cikin haske. Ƙarancin jini da ba a san dalilinsa ba. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta yi makamancin ciwon. Sannan iyaye 'yan'uwan juna, domin duk ciwon da sai an gaji kwafi biyu yake bayyana, auren zumunci na ƙara yiwuwar kwafin kaka ɗaya ya haɗu a jikin jika ta hanyoyi biyu. Ba ina kushe auren zumunci ba ne. Tambaya ce da ya kamata likita ya yi, iyali kuma su amsa ba tare da jin an ci musu fuska ba. Ina kuma jin ciwon yadda irin waɗannan gidaje kan ƙare da zargin sammu ko shafar aljanu, a ɓata zumunci, alhali abin da ke faruwa yana cikin bangon jijiya.

Tabbatar da ciwon hanya biyu ce: a auna ƙarfin ADA2 a ruwan jini, ko a karanta ƙwayar gadon, an fi so a yi duka biyun. Ana iya yin awon sinadarin da ɗigon jinin da aka busar a kan takarda ta musamman, wadda za a iya aikawa ɗakin gwaji mai nisa ba tare da ƙanƙara ba.

A 2023 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar da matsaya ta bai ɗaya a mujallar JAMA Network Open kan yadda za a gano ciwon da yadda za a kula da shi. Sun amince cewa allurar toshe TNF ita ce jigon magani ga masu kumburin jijiya, kuma idan an tabbatar da ciwon a jikin mutum ɗaya a gwada dukkan waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, ko da lafiyarsu ƙalau. Kowannensu na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Inda ra'ayi ya rabu shi ne abin da za a yi da ƙanin da gwaji ya nuna kwafinsa biyu a lalace amma bai taɓa ko ciwon kai ba. Wasu likitoci sun fi son a sa masa ido, saboda allura ce ta tsawon rai mai nata haɗarin. Likitocin NIH sun karkata ga a fara masa tun da wuri, hujjarsu kuwa ita ce a wasu majiyyata shanyewar jikin ce alamar farko da ciwon ya nuna.